Ragon da Alkasum Baduku Ya Kai Zongo

A gyara zama, a kauda yara daga hanya, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Ga Alkasum ɗan Mamman Baduku na Birnin Damagaram nan tafe. Sarkin basilla, uban zare, mai takalmin da ba ya tsinkewa sai in an yi tafiya da shi. Bai taɓa riƙe ko sarautar lungu ba, kumandan na Faransa ya zo ya tafi bai san da zamansa ba, ranar da aka ba ƙasa mulkin kai kuwa yana zaune yana ɗinka wa wani soja alabe. Mijin yayata Lami ne. Shi ya sa nake da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da izinin fushi.

Ni ne Sallau, ƙanin nan da aka kai lakwal, makarantar boko, ya yi aji huɗu ya ga benci ya yi masa tauri. Na bi kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, zuwa Kano, na zauna da mai gyaran keke, yanzu ina cin tuwon gidan Alkasum kafin in ga abin da zai ɓullo. Nawa ke nan, mu koma kan mai gida.

An haife shi cikin Birni, a gidan dukawa, yana bin wansa Suma'ila. Mahaifinsu ya zaunar da su a zaure ɗaya ya koya musu yankan fata da ɗinki. Suma'ila ya haɗa da karatu har ya zama Malam Suma'ila, shi ke jan salla a lungunsu in liman ya yi tafiya, shi ake kira da wuƙa in za a yi suna ko layya. Alkasum kuwa hannu ne kawai. Ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shi ma sai ya kai ƙarshen ɗinkin da ke hannunsa.

Wajen shekarar hamsin gyambo ya kama shi a ƙwauri. An shafa, an ɗaure, an sha, ƙafa sai ƙara lalacewa take. Daga ƙarshe aka ɗora shi a jaki aka kai shi ɗan ɗakin maganin mishan da ke bayan gari, inda ake wanke ciwo da safe, kafin a wanke kuma a karanta Littafi da Hausa. Ya yi watanni yana zuwa. Ƙafa ta warke, zuwa bai tsaya ba. Ya koyi haɗa baƙaƙen boko, aka ba shi nasa Littafin, ya ɗinka masa riga da jar fatar akuya, wata damina kuma aka yi masa baftisma a tafki. Na sha tambayarsa abin da ya gani. Mafarki ya yi, ko murya ya ji? Amsarsa ɗaya ce: "Na ji, na yarda." In labari mai gishiri kake so, ba wurinsa za ka je ba.

Ba wanda ya kore shi daga gida, ba wanda ya zage shi a fuska. A Birni ba haka ake yi ba. Sai dai ka zo zaure ka tarar hira ta ƙare daidai lokacin da ka yi sallama. Shi da kansa ya tattara kayan aikinsa ya gina ɗaki biyu a wajen ganuwa, jikin wani ƙaton dutse. Ya daina ɗinkin laya, wanda shi ne rabin abincin baduku, ya koma takalma da kube da matashin fata irin wanda sojan bariki da komi, wato akawunan ofis, ke saye su kai ƙasarsu. Ya auri Lami, 'yar kukun mishan, wato mahaifinmu, mutumin Dakusa.

Zumunci bai yanke ba, ya dai rame. Malam Suma'ila yakan zo in an yi haihuwa ko rashi. Ya zauna a tabarma, ya karɓi goro, ya sha ruwa. Amma da ya ji motsin kwano daga cikin gida sai ya tuna ana jiransa a wani wuri. Tun ranar baftismar bai sa hannu a akushin ƙaninsa ba, ko da tuwo ne da miyar kuka, don bai san abin da aka jefa a miyar ba, bai san wa ya yanka ba, kuma ba zai tambaya ya kunyata mutum a gidansa ba. Ta nasa ɓangaren kuwa bai taɓa fashi ba. Kowace babbar salla, in an jera raguna a bakin wuta an gasa sun kwana, washegari cinya guda za ta iso gidan Alkasum a faifai. Mu ci mu lashe hannu. Shi kuwa ya ci nasa a hankali kamar mai shan magani. Shekara da shekaru yana karɓa ba ya iya mayarwa, ba don babu ba, don ba za a ci ba. Abin da ya fi so a duniyar nan, in ka cire Mulkin Sama, shi ne wansa ya zauna a gidansa ya ci abinci. Shi bai taɓa faɗa ba. Lami ce ta faɗa mini, ita kuwa ba ta ɓoye komai sai inda ta ajiye soye.

Majami'armu ɗaki guda ce na ƙasa, da 'yan benci, da ƙarfen ƙafar mota da aka rataya a bishiya ana bugawa in lokacin sujada ya yi. Alkasum ne a bencin gaba kullum. Doguwar huɗuba tana sa shi gyangyaɗi, amma da an fara "wani mutum yana da 'ya'ya biyu" ko "wani manomi ya fita", sai ka ga ya miƙe zaune. Misalai su ne abincinsa. Matsalarsa ɗaya, yana jin su kamar labarin maƙwabci ne da ya faru shekaranjiya. Ranar da aka karanta na sabon ruwan inabi da tsohuwar salka, sai da ya ce da ƙarfi, "Za ta fashe kam," mata suka yi ta dariya a zane. Na makiyayin da ya bar garke ya tafi neman tunkiya ɗaya kuwa har gida ya biyo shi, yana ta tambaya wa aka bar wa sauran. Na ce masa misali ne. Ya ce ya sani, amma ai da kura a dajin.

Shekarar sittin ta zo da ganguna. A watan Agusta aka ce Faransa ta sauka, ƙasa ta koma hannun 'ya'yanta. An yi rawa, ni na yi tawa na yi ta wasu. Amma majami'a sai ta shiga wani hali. Baturen mishan ya tafi hutu ƙasarsu ba a san ranar dawowarsa ba, ya bar mu a hannun Malam Tahiru mai bishara, wani dogo mai tsabta da ya yi karatun Littafi a wajen Maraɗi. A gari kuma magana ta bazu cewa addinin Turawa zai bi Turawa. Masu sayen takalmi suna tambayar Alkasum cikin raha, "Ku kuma yaushe za a naɗe muku tabarma?" Kafin a gama girbi mutum biyu daga cikinmu sun daina zuwa, an ga ɗaya a sahun Juma'a. In kuna da yawa, biyu ba komai ba ne. Mu kuwa ko da jarirai ba mu cika ɗakin ba, sai ga benci guda a fili yana kallon mai wa'azi.

Abin ya yi wa Malam Tahiru zafi. Lahadi bayan Lahadi ba shi da magana sai ta aminci: mai huɗar da ke waiwaye, da irin da ya faɗi kan dutse ya tsiro da sauri rana ta ƙone shi. Ya ce komawa baya ba da tsalle ake fara ta ba, da ɗan abu ake farawa, yau ka ce wannan ba komai, gobe ka ce wancan ma ba komai, jibi a neme ka a rasa. Da waɗanda suka tafi yake. Amma waɗanda suka tafi ba sa nan, sai Alkasum a bencin gaba yana kwashewa duka.

Shi kuwa a lokacin yana da rago a ɗaure. Ga yadda aka yi. Tun kafin damina an karanta misalin mutumin da ya shirya babbar liyafa ya aika a kirawo waɗanda ya gayyata, kowa ya kawo uzuri: wannan ya sayi gona, wancan shanun huɗa, wani ya yi sabon aure. Mai liyafa ya husata ya ce a kwaso masa makafi da guragu daga kan hanya. Kowa a ɗakin gargaɗi ya ji. Alkasum abin da ya ji daban. A hanyar gida ya ce wa Lami, "Mutumin nan dai ya dafa, ya kira. Ni ko uzurin ba a taɓa ba ni ba, don ban taɓa kira ba." Da aka gama layya raguna suka yi araha, ya je kasuwar Alhamis ya dawo da wani ramamme, fari mai baƙin kunne. Lami ta kama shi da harawa da dusa da kanwa. Kafin sanyi ya shigo, rago ya zama abin da masu wucewa ke leƙowa ta katanga su gani. Na Kirsimati ne, wadda komi ke ce wa Nowel, kuma don mutum ɗaya aka yi kiwonsa.

In ana so Malam Suma'ila ya ci, dole Musulmi ya yanka. Wannan Alkasum ya sani tun yana yaro. Amma sai ya zauna yana auna abin da wa'azin Malam Tahiru. Safiyar Kirsimati, ga malami a ƙofar gidansa ya kwantar da rago ya fuskantar da shi gabas, ga 'yan majami'a suna wucewa da Littafi a hammata. Me za su ce? Za su ce ga ɗan abin nan da ake farawa da shi, ga na uku ya ɗauki hanya. Bai tambayi Malam Tahiru ba. Bai tambayi wansa ba. Ko Lami bai tambaya ba. Ya zauna shi kaɗai ya ɗinka dabara, ya ga ta yi masa kyau ciki da waje.

Da asubar ranar ya kwance rago ya ja shi ta bayan duwatsu, ya zagaye Birni gaba ɗaya, ya shiga Zongo inda fatake da baƙi suke, inda ba a san shi sosai ba. Ya sami wani mahauci yana wasa wuƙa. Mutumin ya yanka yadda ake yankawa, ya feɗe, ya zuba masa a kwando. Kafin a buga ƙarfe nama yana gaban Lami. Ba wanda ya gani a majami'a, ba wanda ya gani a Birni. Ranar Alkasum ya yi waƙa da ƙarfi a sujada, abin da ba mu saba ba kuma ba ma fata mu saba.

Da aka tashi, Lami ta riga ta sauke shinkafa, miya tana tafasa, soye yana ƙamshi har bakin ganuwa. Alkasum ya sa babbar rigarsa ya nufi Birni da kansa. Na bi shi, don ban taɓa ganinsa yana sauri ba.

Mun tarar da Malam Suma'ila a zaure yana yanka tafin takalmi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida da yara da sanyi, aka sake tambayar gida. Sannan Alkasum ya ce, "Yaya, yau sallarmu ce."

"Na ji ana buga ƙarfe. Allah ya maimaita."

"An yanka rago. Na zo in ce ka zo ka ci, kai da iyali."

Malam Suma'ila ya ajiye fatar. "Farin nan mai baƙin kunne?"

"Shi."

"Ya yi ƙiba, na gan shi ta katanga. Kai ka yanka?"

"A'a, Yaya. Musulmi ne. Ya fuskantar da shi gabas, ya yi bisimilla, ina tsaye a kansa."

"Madalla. Wane ne?"

"Wani mahauci a Zongo."

"Sunansa?"

Ni da ban je ba na ga ya kamata in taimaka, na ce, "Wani dogo ne, Malam. Ko ba dogo ba ne, Yaya?" Ba wanda ya dube ni.

"Cikin mutanen da muka sani wa ya gani?" in ji Malam Suma'ila.

"Da asuba ne."

Malam Suma'ila bai ɗaga murya ba. "Alkasum, ban ce ka yi ƙarya ba. Tun kana rarrafe ban san ka da ita ba. Amma lungun nan duka ni nake yi wa yanka, har wanda ba ma gaisawa sosai in matarsa ta haihu ni yake turo wa. Kai kuma ka ja rago ka zagaye ni kamar mai gudun jandarma, ka kai wa baƙon da ko sunansa ba ka tambaya ba. Gobe a ce Malam Suma'ila ya ci naman Kirsimati. A ce wa ya yanka? In ce wani dogo. A ce kai kana ina? In ce ina kwance, ba a tashe ni ba."

"Na ji tsoron kada ka ƙi."

"Da ka bari na ƙi da bakina." Ya ɗauki fatarsa ya ci gaba da yanka. "Kuma ba ni kaɗai ka ji tsoro ba, in na fahimta. Ka gai da Lami. Ka ce ta yi haƙuri da wahalar."

A dawowa ba a yi sauri ba.

Lami tana bakin murhu. "Ya ce me?"

"Ya ce a gaishe ki."

"Tun layya nake ba rago kanwa don a gaishe ni?"

Ni kuwa da na ga gida ya yi shiru da yawa na ce, "Ranka ya daɗe, ai saura rabin misalin. Yanzu mai gida zai husata, a kwaso makafi da guragu."

Wasa nake. Alkasum ya tsaya ya yi tunani ya ce, "Fushin ba ni da shi. Amma sauran gaskiya ne." Ya sa aka cika babban kwano, ya ɗauka da kansa zuwa bakin kasuwa, ƙarƙashin bishiyar da makafi ke zama. Babbansu ya karɓa, ya sunsuna, ya yi murmushi, sannan ya ce, "Wa ya yanka?"

Alkasum, da yake ba ya iya gajarta gaskiya, ya ba shi labarin tun daga asuba. Makahon ya saurara har ƙarshe ya miƙo kwano. "Allah ya saka da alheri, baduku. Kai da ido ba ka san shi ba, balle ni." Wani gurgu a gefe ne ya ce shi a zuba masa, tun jiya bai ci ba, in ya ƙoshi ya yi tambaya.

Da muka koma 'yan majami'a sun cika tsakar gida, Lami kuwa tana zuba abinci tana ba da labari, kowane ludayi da nasa ɓangaren. Malam Tahiru ya ji duka. Ya tsame hannu daga kwano ya kira Alkasum gefe, ni kuma na matsa gefen da kwanona.

"Ɗan'uwa, wa ya ce maka laifi ne?"

"Ka ce da ɗan abu ake farawa, Malam."

"Na ce. Amma ban ce wuƙa ba. Inda na yi karatu maƙwabci ke yanka mana kowace Kirsimati, a ƙofar gida, a raba kowa ya ci. Me ya hana ka tambaye ni?"



"Ka ɓuya mini," in ji Malam Tahiru. Ya dubi hannunsa mai maiƙo kamar ba nasa ba. "Tun kaka nake wa'azi don waɗanda suka tafi. Ashe wanda bai tafi ba na tsorata." Can kuma, da yake mai wa'azi ne ba ya iya barin mutum ba magana mai daɗi, ya ce, "Ka yi haƙuri. Ko a misalin ma waɗanda aka kira ba su zo ba."

"A'a, Malam. Na can ƙarya suka yi. Gona ba ta gudu, shanu in an ɗaure su suna nan. Yaya gaskiya ya faɗa. Kuma mai liyafar can da rana ya aika, gari duka na ji. Ni kamar ɓarawo na yi nawa."

Lahadin da ta biyo Malam Tahiru bai taɓa maganar masu komawa baya ba. Ya yi magana a kan fitilar da ba a kunna ta don a kifa mata kwano. Ya ce aminci ba zama a benci kaɗai ba ne, har da yin abinka a fili, wanda ke ciki ya gani, wanda ke waje ya gani. Ya ce majami'ar da mutanenta ke jin tsoron juna ba sai an rufe ta daga waje ba. Gajere ne wa'azin, Alkasum bai yi gyangyaɗi ba. Nama kuwa Lami ta soye shi kaf, muka ci har sabuwar shekara. Ni kaɗai na yi ƙiba a gidan.

Rago na biyu babu shi, ba kuma za a same shi nan kusa ba. Abin da ke akwai shi ne wani tsohon zakaran Lami, ja, mai tsini a ƙafa, wanda ya daɗe da daina cara kan lokaci. Wata rana da hantsi, kafin azumin Musulmi ya kama, Alkasum ya kama shi ya sa a hammata. Ya fara bi ta ƙofar Malam Tahiru ya yi sallama. "Malam, zan kai wa Yaya ya yanka mini."

"Sauka lafiya. Ka gaishe shi."

Daga nan ya shiga Birni ta babbar ƙofa, ya bi tsakiyar hanya. Duk wanda ya ce masa ina zuwa da zakara, sai ya tsaya ya faɗa masa. Wanda bai tambaya ba ma wani lokacin ya faɗa masa. Kafin mu isa, labarin ya riga mu.

Malam Suma'ila yana zaure da maƙwabta. Aka gaisa. Alkasum ya durƙusa ya ce, "Yaya, na kawo ka yanka mini."

Malam Suma'ila ya dubi zakara, zakara ya dube shi. "Daga rago zuwa wannan?"

"Shi ke akwai."

"Wace salla ce kuma yau?"

"Ba salla. Abinci ne."

Maƙwabta suka sami abin kallo a rufin zaure. Can Malam Suma'ila ya miƙe, ya zaro wuƙa daga kube, ya fita ƙofar gida ya tona ɗan rami da dunduniya. "Riƙe fikafikan. Ba haka ba, taka ƙafafun. Ka manta ne?" Alkasum ya taka, ya riƙe, suka juya shi gabas su biyu. Malam Suma'ila ya yi bisimilla ya yanka, mutanen lungu suna tsaye. Ya goge wuƙa a ƙasa ya ce, "In an dafa a aiko."

"A'a, Yaya. Ka zo."

Ya mayar da wuƙa kube, ya daɗe yana gyara mata zama. "Bayan la'asar," in ji shi, ya shige zaure.

La'asar ta yi ta wuce. Lami ta sauke tuwo ta rufe, ta ɗumama miya, ta sake ɗumamawa, tana faɗa wa tukunya abin da ba za ta faɗa wa mijinta ba. Alkasum ya shimfiɗa tabarma ya zauna da aiki a cinya, amma basilla ba ta motsi. Sai da inuwar dutse ta rufe tsakar gida muka ji sallama.

Ya zauna. Aka kawo ruwa ya wanke hannu. Aka ajiye akushi a tsakiya. Alkasum ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa gajeriya, Malam Suma'ila ya jira ya gama, ya yi bisimilla, suka sa hannu. Ni ma na sa, don ba a ce kada in sa ba. Ba a yi maganar addini ba, ba a yi ta rago ba. An yi ta majema da suka fara kawo fata mai wari, da katangar gidan gado da ta tsage tana son yaɓe kafin damina. Malam Suma'ila ya ɗauki cinya ya yi ta fama da ita, daga ƙarshe ya ɗaga murya ya ce, "Lami, an gode, miya ta yi. Amma zakaran nan ya ga shigowar Faransa."

Daga ɗaki Lami ta ce, "Ya ga fitarsu ma, Malam."

Da rana ta kusa faɗuwa ya wanke hannu ya miƙe don ya sami magariba a lungu. Alkasum ya raka shi har ƙofar ganuwa.

Kada wani ya ƙara wa labarin abin da babu. Malam Suma'ila yana nan Malam Suma'ila, Alkasum yana bencin gaba. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba, Bature ma har yanzu wasiƙarsa kawai muke gani. Akwai wata tsohuwa a majami'a da ta ce ita dai ba ta so abin ba, akwai kuma wanda ya ce wa Malam Suma'ila haka a lungu. Abin da ya faru shi ne abin da na faɗa.

Amma ni a yammacin nan ban iya riƙe bakina ba. Da Alkasum ya dawo daga rakiya na tare shi a tsakar gida, na cire hula, na ce, "Ranka ya daɗe, yau an ga abin da ba a gani ba tun da aka gina ganuwa! An kira, an zo, an ci! Misali ya sauko daga Littafi ya zauna a tabarmarka! A faɗa a majami'a, a kai labari Maraɗi, a buga ƙarfe har ya tsage! Me za ka ce wa jama'a a wannan babbar rana?"

Ya dube ni, ya dubi akushi.

"Ya ci, ya tafi. Ɗauki kwanon nan ka kai wa yayarka."